Kafin Ku Kai Iyali Dutsen Riyom: Shawarwari 15

Duk wanda ya saba bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san wurin. Mota ta gama nishi a Hawan Kibo, kunnuwa sun toshe sun buɗe, iska ta juya ta yi sanyi, sai can gaba ka hango wasu manya-manyan duwatsu sun hau kan juna, kamar yadda mai tallan ƙwarya ke jera kayanta. Na can sama ya ɗosana a kan ɗan wurin da za ka rantse tari mai ƙarfi zai iya ture shi. Nan ne yaro zai leƙa ta taga ya ce, "Baba, wa ya ɗora su?" Uban ya ce, "Ikon Allah ne." Direba ya ƙara wuta, magana ta mutu.

Wannan shi ne Dutsen Riyom, a ƙaramar hukumar Riyom ta Jihar Filato, kimanin kilomita 25 kudu maso yamma da Jos. Mutanen jihar kan ce in ka tsaya ta wani ɓangare za ka ga ya yi kama da taswirar Filato. Abin dariyar shi ne taswirar ta samu siffarta ta yanzu ne a 1996, da aka cire Nasarawa, alhali dutsen yana nan tun kafin a kafa bukka ta farko a wurin.

Amsar da uban ya bayar gaskiya ce, sai dai yaron ya cancanci wata rana a tsayar da mota a nuna masa. In kun yi niyyar haka a hutu mai zuwa, ku riƙe abu biyu a zuciya. Ruwa da ranar da suka sassaƙa dutsen nan har yau ba su tashi daga aiki ba. Sannan wurin da kuke kira daji, bayan gidan wasu ne.

1. Ku fara sanin yadda dutsen ya zama haka

Dutsen Riyom giranit ne, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar kankare da ta kwalta. Masana ilimin duwatsu sun ce asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a can cikin ƙasa, kuma giranit ɗin tudun Jos ya haura shekara miliyan 150. Bayan ya huce sai ya tsattsage, wata tsagar a tsaye, wata a kwance, kamar an yayyanka sandar sabulu. Ruwan sama ya riƙa bin tsagogin nan yana jiƙa dutsen, yana ruɓar da shi sannu a hankali tun yana binne. Ruɓewar ta fi cin kusurwa, don nan ne ruwa ke samun dutse ta fuska biyu ko uku, shi ya sa mai kusurwa huɗu ya koma mulmulalle. Abin da ya ruɓe ya zama yumɓu da yashi, damuna bayan damuna ta wanke ta tafi da shi. Ƙwayoyin da suka ƙi ruɓewa suka rage a inda suke tun farko, wani a kan wani. Ashe babu wanda ya ɗora su, abin da ke tsakaninsu ne aka ɗebe.

Uwargida na iya nuna wa yara wannan tun a gida da sabulun wanka: sabo yana da kusurwoyi, bayan mako biyu ya koma kamar ƙwai. Wanda ya gane haka kuwa ya riga ya san abu uku da ke jiran ƙafarsa a can: yashin da dutsen ke zubarwa, ɓawon da zafin rana da sanyin dare suka ɗaga yana shirin ɓallewa, da tsagar da ba a ganin ƙarshenta.

2. Ku tambayi lafiyar hanya, jiya da yau

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu sun sha fama da hare-hare da rikicin manoma da makiyaya. Akwai lokacin da yankin ke lafiya lau, akwai lokacin da ba na yawon buɗe ido ba ne. Labarin watan jiya ba ya amfani a nan. Ku kira wanda ke zaune a Jos ko Bukuru ana gobe tafiya, ku sake kira da safe kafin a tayar da mota. Direbobin haya da ke bin hanyar kullum sun fi kowa sanin halin da take ciki. In an ce an sa dokar hana fita, ko an kai hari a kusa cikin kwanakin, a ɗage tafiyar. Dutsen da ya yi wannan daɗewa zai jira ku wata guda.

Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa. A shingen jami'an tsaro a rage gudu, a sauke gilashi, a amsa tambaya a taƙaice, kada wani yaro ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. A bar wa wani a gida bayanin inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa. Hirar addini, ƙabila da siyasa kuwa a bar ta a falo, kada a tafi da ita bakin hanya.

3. Ku zaɓi wata, ku zaɓi sa'a

Damunar tudun Jos takan fara a Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. A lokacin ƙasa takan yi kore shar, amma giranit in ya jiƙe ya yi gansakuka, santsinsa ya fi na sumuntin banɗaki. Disamba da Janairu kuma sanyi ne mai shiga ƙashi, ga hazon hunturu da ke rufe nesa, ka hau tudu ka rasa abin hange. Mafi daɗin lokaci shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, ƙura ba ta sauko sosai ba.

Ku isa da hantsi, ku kama hanyar gida kafin la'asar. Da tsakar rana dutse yakan ɗauki zafin da tafin hannun yaro ba zai jure ba, da yamma kuma inuwa na ɓoye tsaga. Magariba kada ta same ku a wurin ko kaɗan.

4. Mota ma a duba ta

Masu tasowa daga Abuja, Keffi ko Lafiya za su hau Hawan Kibo, za su kuma sauke shi a dawowa. Gangare ne mai tsawo da kwanoni, kuma manyan motoci sun sha ƙwacewa a kansa. A kai mota wa makaniki ya duba birki, taya da ruwan lagireto, a tabbatar tayar safaya tana da iska kuma jek yana cikin but. A gangare direba ya sa giya ta ƙasa, kada ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, don birki in ya yi zafi yakan daina kamawa. A sha mai tun a gari, a cika waya da caji. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122. A rubuta su a takarda tare da lambar wani ɗan'uwa, a sa a aljihun babban yaro.

5. Ku yi sallama kafin ku taka

Riyom ƙasar Birom ce, suna da gonakinsu da sarakunansu da suke kira Gwom, suna da wuraren da suke girmamawa tun kaka da kakanni. Bahaushe ya san wannan daga gida: Dala tana da tarihinta, Kufena da Kwatarkwashi ma haka, ba kowane lungu baƙo ke kutsawa ba. Saboda haka kada ku faka mota ku nufi dutse kai tsaye kamar gonar gado. Ku nemi mutanen da ke kusa, ku gaisa. Hausa tana tafiya a yankin, "sannunku da aiki" kaɗai na buɗe ƙofa. Ku faɗi abin da ya kawo ku, ku tambayi inda ake ajiye mota, inda ake bi, da inda ba a zuwa.

Ku nemi ɗan gari ya raka ku, ku yi cinikin ladansa tun kafin a ɗaga ƙafa, don kada a rabu baram-baram. Shi ya san tsagar da zuma ta yi gida, shi ya san ta inda ake hango siffar taswirar nan, shi zai gaya muku in ana fasa dutse da nakiya a wani wuri kusa. Matambayi ba ya ɓata.

Ga wani kuskure da baƙi ke yawan yi ba da gangan ba. Acca tana cikin manyan abincin yankin, kuma a gona kamanninta ɗaya da ciyawa. Mutumin birni sai ya ratsa tsakiyar gonar acca yana hira, ko ya shimfiɗa tabarma a kai, bai san abincin wani gida yake tattakewa ba. Ku bi turbar da ƙafa ta riga ta fitar.

6. Kayan kwalliya su zauna a gida

Silifas, takalmi mai tsini da sau-ciki mai sulɓin ƙasa duk ba na dutse ba ne. A sa kambas ko wani rufaffen takalmi mai ƙasan roba da zane, tare da safa. Maigida ya ajiye babbar riga, doguwar jallabiya ma tana harɗe ƙafa. Mata su sa wando a ƙarƙashin zani ko doguwar riga, su zaɓi hijabi matsakaici wanda ba ya jan ƙasa, don iskar kan tudu na cika dogon hijabi kamar lema, mai shi kuma na iya taka bakinsa wajen hawa. Kowa ya zo da rigar sanyi ko da kun baro gida ana zufa, domin tudun ya kai kimanin mita 1,200 a kan teku. Sanyin iskar kuma kada ya ruɗe ku, rana tana ƙuna a nan. Hula ko malafa, da man kaɗanya ko basilin na leɓe da ƙafa, za su yi amfani.

7. Ruwa ya fi abinci muhimmanci

A lissafa aƙalla lita biyu ga kowane mutum, ban da na alwala da wanke hannu. A wuri mai sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa da wuri, don haka uwa ta riƙa miƙa wa yara gora ko ba su nema ba. Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse ba na sha ba ne, ko ya yi garau.

Guzuri ya zama wanda ba ya lalacewa da sauri: dambun nama, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, gurasa, dafaffen ƙwai, lemo da ayaba. Fura da nono ko kunun zaƙi in sun wuni a mota sukan yi tsami, sai dai a kula mai ƙanƙara. A ƙaramar jaka a sa auduga, filasta, bandeji, maganin wanke ciwo, farasitamol da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu shi, ana haɗawa da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A bar wuri a but, don a bakin hanya akan sami dankalin Turawa, kabeji, karas da tumatir daga hannun manoman yankin. Sayen nan ma wani nau'in godiya ne ga masu masauki.

8. Ba dole sai an hau ƙololuwa ba

Kyawun Dutsen Riyom daga ƙasa ake ganinsa. Wanda ya maƙale a jikinsa bai ga komai ba sai dutsen da ke gaban hancinsa. Ku zaga gindinsa, ku hau falalen da ke kwance, ku bar ɗorarrun na sama ga tsuntsaye.

Inda za a ɗan hau, a kiyaye waɗannan. A share yashi da ƙafa kafin a taka, don ƙwayoyinsa a kan dutse kamar an watsa gero ne a kan tayil. A ƙwanƙwasa ɓawon dutse kafin a riƙe shi. In ya yi amon fanko kamar fasasshiyar tukunya, a rabu da shi. Inda aka ga baƙin layi ya gangaro, hanyar ruwa ce, takan yi santsi ko da rani. Hannu biyu su zama a sake, kaya a goya a baya. Kada wani ya tsaya daidai ƙasan mai hawa. Kada a yi tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, domin ido na rage faɗin tsaga.

Sauka ta fi hawa wuya. Mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafa, mai sauka ba ya gani, ga gwiwa ta gaji. Kafin kowane mataki mutum ya tambayi kansa ko zai iya dawowa ta nan. In gangaren ya yi tsanani, a zauna a sauko da mazaunai, babu abin kunya a ciki. Sannu ba ta hana zuwa.

9. A raba yara tun a mota

"Kowa na kallonsu" ita ce hanyar da yaro ke ɓacewa. A ce wane na hannun Baba, wance na hannun Inna, ƙaramin na hannun Yaya, kowa ya san nasa. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya. A ƙirga kawuna duk inda aka tsaya da duk inda aka tashi. A haramta wasan ɓuya, domin lungun da ya fi daɗin ɓuya shi ne wanda maciji ma ya zaɓa. A rataya wa kowane yaro usur, a gaya masa in ya daina ganin kowa ya tsaya inda yake ya busa. Samari 'yan sha biyar zuwa ashirin sun fi ƙanana buƙatar ido, don su ne masu son nuna bajinta. A ba su aikin riƙe ƙannensu sai su natsu.

Mai goyo kada ta hau. Goyo na sauya ma'aunin jiki, kuma in ta sunkuya za ta wuce ƙarƙashin dutse, ita ta san tsayinta amma ba ta ganin kan jaririn.

10. Masu lalura su san iyakarsu

Kaka, mai juna biyu, mai ciwon gwiwa da mai hawan jini a shimfiɗa musu tabarma a inuwa mai kyan hange, su ne masu gadin kaya da ba da labari. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a mota ba. Mai ciwon sukari ya ci abinci a kan lokaci, ya riƙe dabino ko alewa. Yaro mai sikila kuwa a kula da shi ninki biyu, domin sanyi, gajiya da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon. A lulluɓe shi, a yawaita ba shi ruwa, kada a bar shi ya yi gasa da sauran.

11. Kada a sa hannu inda ido bai shiga ba

Tsagogin da ruwa ya buɗe gidajen wasu ne. Akwai marasa cutarwa, irin su ƙadangare da rema, wadda yara za su so kallonta tana shan hantsi. Akwai kunama, rina da zuma, akwai kuma macizai. Kada a ɗaga dutse da hannu, kada a zura hannu a rami, kada a zauna sai an duba. Mai tafiya a ciyawa ya riƙe sanda yana bubbuga gabansa. A rage turare mai ƙarfi saboda zuma, kada yara su jefi saƙarta. In ta taso, a rufe fuska da mayafi a bar wurin ta hanyar da ke shimfiɗe.

In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ga abin yi. A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe, agogo ko warwaro kafin kumburi. A ɗaure gaɓar da sanda yadda ake wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota, kada ya taka da kansa in da hali. Kada a ɗaure da igiya tamau, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. A nufi asibiti kai tsaye, a kira tun a hanya a tambaya ko suna da allurar kashe dafi. Daga Riyom akwai asibiti a Vom, akwai manya a Jos, ciki har da asibitin koyarwa na jami'a. Gamsheƙa kan tofa dafi a ido. Maganin farko shi ne a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa, sannan a tafi asibiti. Kububuwa ta fi yawa a ƙasashen gangare masu zafi irin su Langtang, Shendam da Wase, kuma saranta kan yi kamar ba komai da farko, daga baya jini ya ƙi tsayawa. Kada a jira a ga abin da hali zai yi.

12. Ƙerana da kududdufan kuza

Abubuwa biyu ne da baƙon Filato bai saba da su ba. Na farko shingen ƙerana, koren tsiro mai ƙaya da mutanen yankin ke kewaye gida da gona da shi. In aka karya shi yana fitar da farin ruwa kamar nono, mai ƙona fata, wanda in ya shiga ido yana iya yi masa mummunan lahani. A gargaɗi yara tun kafin su gan shi. In ya taɓa ido, a wanke da ruwa mai yawa a nemi likita.

Na biyu tsofaffin ramukan haƙar kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta haƙar kuza a tudun Jos, suka tafi suka bar ramuka birjik, ruwa ya cika su. Daga nesa tafki ne mai kyau, lumui, mai jan hankalin yaro. Amma bakinsa a tsaye yake, ƙasansa laka ce, zurfinsa kuma ba ya farawa a hankali kamar na rafi. Sun ci mutane da dabbobi. Ba wanka, ba wanke ƙafa, ba hoto a gaɓa.

13. Hadari ya haɗo, a sauko

A tudun Jos hadari ba ya dogon sallama, wani lokaci har da ƙanƙara yake zuwa. Tsawa kuma tana neman abin da ya fi tsayi, wanda a kan falalen dutse kai ne. In an ga walƙiya a fara ƙirga. Ƙara na tafiyar kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka in an ji tsawar kafin a kai 30, tana cikin kilomita 10, ta isa ta same ku. Kada a fake a ƙarƙashin ɗorarren dutse, ko bakin kogo, ko gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. A shiga mota a rufe gilashi, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. A kuma guji kwazazzabo, don ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gaba ɗaya yake gangarowa.

14. Hoto, sallah da biyan buƙata

Mai ɗaukar kansa hoto yana kallon fuskarsa ne, ba ya kallon bayansa. Dokar gida ta zama ɗaya: a tsaya cak a wuri mai faɗi sannan a fito da waya, ba a ja da baya ana kallon allo. Hasken hantsi ya fi fito da siffar dutse, kuma in aka tsayar da mutum a gindinsa aka ɗauko daga nesa, girman ya fi bayyana. Kada a ɗauki mutanen gari, gidajensu ko 'ya'yansu sai da izini.

A taho da buta da darduma. Alƙibla daga nan gabas ce, a ɗan karkata arewa. Wanda ya taso daga Jos ko Bukuru bai kai tafiyar ƙasaru ba, wadda a mazhabar Malikiyya mil 48 ce, wajen kilomita 80. Na Kano, Kaduna ko Abuja ya kai. In ruwa ya yanke, taimama a kan dutse ta halatta a mazhabar. Wajen kama ruwa kuwa a tambayi ɗan rakiya inda ya dace, a yi nesa da rafi, turba da gona, a tona a rufe.

15. Ku bar wurin yadda kuka same shi

Kada a rubuta suna da fenti, gawayi ko ƙusa. Kada a ce za a gwada ƙarfi a kan ɗorarren dutse, ko da wasa. A Oktoban 2013, a wurin shaƙatawa na Goblin Valley da ke Jihar Yuta ta Amurka, wani jagoran 'yan sikawut ya ture irin wannan dutse, abokinsa ya ɗauka a bidiyo suka sa a intanet. Suka rasa muƙamansu, suka ƙare a gaban alƙali. Aikin dubban damuna ya rushe cikin daƙiƙa kaɗan, ba kuma mai mayar da shi.

Da rani kada a hura wuta, kada a yar da guntun sigari. Busasshiyar ciyawa da iskar hunturu sun isa su kai gobara rumbun wani. A zo da buhun shara a koma da shi, domin ledar da kuka yar akuyar wani ce za ta haɗiye. In yaro ya tsinci katangar tsohuwar tukunya, dutsen niƙa ko wani sassaƙe, a duba a mayar inda yake. Wajen haƙar kuza aka fara tono gumakan yumɓu na Nok, waɗanda suka sa aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana cinikin irin waɗannan kaya. Abin da ya yi kama da na tarihi a sanar da gidan tarihin.

In Riyom ta yi muku nisa, shawarwarin nan za su yi aiki a duk inda dutse yake. Ga Zuma kusa da Madalla, wanda ke jikin tsohuwar takardar naira 100. Ga Kufena a Zariya. Ga duwatsun Birnin Kudu masu zanen shanu na mutanen da, da waɗanda ke amo kamar ƙararrawa in an buga. Ga mulmulallun duwatsun da gidajen Damagaram suka kewaye. Ga Dutsen Wase, maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta da zaizaya ta cinye abin da ke kewaye da shi, inda kwasakwasa ke ƙyanƙyasa. Ko Dala da Goron Dutse ma aikin zaizaya ne, hular marmara ce ta tsare su ƙasar gefe ta tafi.

In kun dawo gida an ci tuwon dare, a miƙa wa yaron nan sabulu biyu, sabo da tsoho, a ce ya bayyana wa kakarsa wanda ya ɗora duwatsun. Ranar da kuka sake bin hanyar Jos, ƙaninsa ya leƙa ta taga ya yi tambayar, ku yi shiru ku bar yayan ya amsa.